Kujerar da Ta Karye Ran Asabar

Akwai wani mutum a wani gari, sunansa Habila, wanda ya gama aikin gwamnati ya koma gida. Shi ba kafinta ba ne, bai kuwa taɓa sayar da ko 'yar kujerar tsuguno ba. Amma yana da 'yar rumfa a bayan gidansa, da zarto, da guduma, da kurfi, da abin goge katako, kowanne a rataye a ƙusarsa. In ya shiga rumfan nan da safe, sai matarsa Rifkatu ta kira shi sau biyu kafin ya ji cewa abinci ya huce.

Yana da abokai biyu masu irin wannan sha'awa. Ɗaya Malam Filibus ne, tsohon malamin firamare, mutum siriri mai yawan awo, wanda kan shekara yana gyaran kantar littattafai ɗaya. Ɗayan kuwa Barnaba ne, tsohon direban babbar mota, ƙato mai tumbi, mai saurin aiki da saurin dariya. Dā su huɗu ne. Na huɗun ya riga su tafiya gida wurin Ubangiji, amma kujerarsa tana nan, ba wanda ya taɓa cewa a ɗauke ta.

Kowace Asabar da yamma sukan taru a gindin mangwaron gidan Malam Filibus, kowa da abin da ya yi a makon. Suna da al'ada. Akan yi wa kowane mutum tambaya biyu. Ta fari, “Me hannu ya yi?” Sai ya nuna aikinsa, a juya shi, a duba ƙasansa da bayansa. Ta biyu, “Yaya gida?” Sai ya ba da labarin iyali, da ciwon gwiwa, da akuyar da ta shiga gonar maƙwabci. Akwai kuma wata doka da suka sa wa kansu tun da fari: duk abin zaman da ɗayansu ya ƙera, ko benci ko kujera, ba mai zama a kai sai Barnaba ya fara zama. In ya ɗauki Barnaba, to, zai ɗauki kowa.

A cikinsu Habila ne ya fi iya aiki, su duka kuwa sun san haka. Ba ya sa ƙusa. Yakan huda katako, ya fiƙe ɗan'uwansa, ya haɗa su baki da baki, ya kafa musu turken itace. In aka juya aikinsa ba a samun abin faɗa, har Barnaba ya daina juyawa, yana cewa ɓata lokaci ne.

Ana nan sai wata rana da damina Rifkatu ta zame a bakin rijiya, ta karye a ƙugu ta wajen hagu. Aka kai ta asibiti, ta daɗe a can. Da ta fara samun sauƙi, likita ya kira Habila gefe ya ce masa, in ta koma gida tana bukatar kujera mai tsayi, mai hannu biyu masu ƙarfi, gama da hannu za ta riƙa tashi, ba da ƙafa ba. Ya ce nauyinta duka zai sauka a hannun dama. Ya ƙara da cewa kada ta sake faɗuwa, domin ƙashin tsohuwa ba ya haɗuwa sau biyu.

Habila ya koma gida, ya shiga rumfarsa, ya sauko da wani katako da ya daɗe yana ajiya. Na maɗaci ne, daga itacen da ke ƙofar gidan mahaifinsa, wanda iska ta kayar shekarun baya. Bai taɓa yarda ya taɓa shi ba, yana jiran aikin da ya isa. Ya ce a ransa, ga aikin ya zo.

Ran Asabar aka taru. Barnaba ya kawo akurkin kaji da ya yi, ya ce kajin sun ƙi shiga.

Malam Filibus ya duba ƙofar akurkin ya ce, “Ai suna da gaskiya. Ko ni ne kaza ba zan shiga ba.”

“Kai dai gama kantarka, Malam. Jikokinka ne za su sa mata littafi.”

Da aka zo kan Malam Filibus, ya ce kantar tana nan, ya sake awo ya ga ta karkace da kaurin farce. A gida kuwa matarsa Kande ta yi fushi da shi, domin ya ɗauki tsohuwar taɓaryarta ya tokare ƙofar ɗakin ajiya da ita. Ya ce tun da injin niƙa ya zo unguwar ba ta ƙara taɓa ta ba, amma yanzu ta zama abin rigima.

Sai suka juyo wurin Habila. Ya nuna musu zanen kujerar a jikin wani guntun katako, ya faɗa musu itacen da zai yi da shi. Suka dubi juna, gama sun san labarin katakon nan.

“Yaya gida?” in ji Malam Filibus.

“Lafiya lau. Maman Nuhu tana samun sauƙi.”

Haka ya amsa, haka kuwa ya ci gaba da amsawa kowane mako.

To, ga abin da ya kamata mai ji ya sani game da itace. Kowane katako yana da jijiya, wato layin da itacen ya bi sa'ad da yake girma. In jijiyar ta miƙe daga wannan kai zuwa wancan, katakon yakan ɗauki nauyi. Amma inda reshe ya taɓa fitowa, jijiyar takan murɗe ta yi zagaye kamar ruwa a bakin kwalbati. Wurin nan shi ya fi ko'ina kyau a ido, shi ne kuma ya fi ko'ina rauni. Kafintan kasuwa yakan yanke shi ya yar ba tare da ya duba sau biyu ba. Sai mai yin aiki don sha'awa ne kan tsaya yana kallonsa.

Katakon Habila yana da irin wannan wuri, ja wur, da zane kamar an yi da alƙalami. Da ya zo fitar da hannuwan kujerar, na hagu ya fito daga inda jijiya ta miƙe. Na dama kuwa, ya jera awonsa har zanen nan ya faɗo daidai inda tafin hannun Rifkatu zai riƙa sauka. Ya san dokar. Amma ya ce a ransa, maɗaci ne, ya kuma daɗe da bushewa, zai riƙe. Yana so in ta zauna, abu mafi kyau a katakon ya kasance a ƙarƙashin hannunta.

Ya haɗa ƙafafu, ya haɗa mazauni da majingini. Ranar da ya zo kafa hannun dama, ya sa turken, ya buga da guduma a hankali. A bugu na ƙarshe ya ji wata 'yar ƙara, kamar an taka busasshen kara. Ya ajiye gudumar. Ya kai kujerar bakin rumfa inda haske yake, ya duba. Ga tsaga, siririya kamar gashi, ta bi cikin zanen nan ta ratsa hannun daga sama zuwa ƙasa.

Ya zauna a kan bencinsa ya daɗe. Katakon ya ƙare, ba sauran da zai isa hannu. An kuwa riga an faɗa masa cewa sallamar Rifkatu ta kusa. Ya tuna Asabar, ya tuna yadda Barnaba kan ce aikin Habila ba ya bukatar juyi.

Sai ya tashi ya debi dusar katakon nan mai laushi, ya kwaɓa ta da gam, ya cusa a tsagar da bakin wuƙa. Da ta bushe ya goge, ya sake gogewa, ya shafa mai. Wannan dabara ce da kowane mai aikin katako ya sani, ba kuwa laifi ba ce in ramin a fuska yake kawai. Tana rufe ido, amma ba ta ɗaukar nauyi. Da ya gama, shi kansa sai ya karkata kai kafin ya ga wurin.

“Me hannu ya yi?” suka tambaye shi ran Asabar.

“An kusa. Saura mai ya bushe.”

“Kawo ta mana, in zauna,” in ji Barnaba. “Na ƙara ƙiba musamman saboda ita.”

“Tana da nauyi. Sai mako mai zuwa.”

“Yaya gida?”

“Lafiya lau.”

A cikin makon nan Habila bai ji daɗin komai ba. Yakan je asibiti da safe da kwanon abinci, ya ga Rifkatu tana koyon tsayuwa, ya ga yadda take danna ƙarfen gado da hannun dama har jijiyoyin hannunta su fito. Ya koma gida ya shiga rumfa, ya danna hannun kujerar da tafinsa. Ba ta motsa ba. Ya ce, to, ai ta riƙe. Amma bai taɓa dannawa da dukan ƙarfinsa ba, ya kuma san dalilin da ya sa.

Rifkatu ta ce masa, “Baban Nuhu, ka rame. Ko ba ka cin abinci ne?”

Ya ce yana ci.

Aka sa ranar sallama, Litinin. Ran Asabar da ke gabanta Habila ya buga wa Malam Filibus waya, ya ce mura ta kama shi, ba zai samu zuwa ba. Ya ajiye wayar, ya shiga rumfa, ya zauna yana kallon kujerar. Tana da kyau ƙwarai. Bai taɓa yin abin da ya kai ta ba.

Bai daɗe da zama ba sai ya ji sallama a ƙofar gida. Ga Malam Filibus da jarkar kunun zaƙi, ga Barnaba a bayansa yana haki.

“Mun ce tun da mura ta hana ka zuwa gindin mangwaro, bari gindin mangwaro ya zo wurinka,” in ji Malam Filibus.

Barnaba ya dube shi sama da ƙasa. “Wannan murar taka mai kunya ce, ko atishawa ba ta yi.”

Suka shiga rumfar. Da suka ga kujerar sai suka tsaya. Malam Filibus ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya shafa zanen nan na hannun dama da yatsa, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Habila ya kau da kai.

“To, a ba ni wuri,” in ji Barnaba.

Ya juya, ya zauna a hankali. Kujerar ba ta ko yi ƙara ba. Ya jingina, ya miƙe ƙafa, ya ce in Mama ba ta so, shi yana so. Habila ya ji numfashinsa ya fara dawowa.

Sai Malam Filibus ya ce, “Ba zama ne aikinta ba, tashi ne. Tashi yadda Mama za ta tashi. Ɗaga ƙafar hagu, ka danna da dama.”

Habila ya buɗe baki. Maganar tana nan a harshensa, kalma ɗaya ce, dakata. Amma bai faɗe ta ba.

Barnaba ya ɗaga ƙafa, ya ɗora tafinsa a kan zanen nan, ya danna. Hannun kujerar ya rabu biyu. Barnaba ya tafi ta gefe, ya zube a kan tarin dusar katako da ke kusurwar rumfar, ƙafafunsa a sama.

Suka ruga suka ɗaga shi. Ba abin da ya same shi, sai dusa a gashi da cikin kunne. Ya fara dariya, yana cewa shekara da shekaru yana jiran ranar da aikin Habila zai kayar da shi. Amma Malam Filibus bai yi dariya ba. Ya ɗauki guntun da ya faɗi, ya juya shi, ya ga busasshen gam da dusa a manne a bakin tsagar. Ya miƙa wa Barnaba. Barnaba ya duba, dariyarsa ta tsaya.

Habila ya tsaya yana kallon wurin da Barnaba ya faɗi. A ɗakin Rifkatu ba dusa a ƙasa, siminti ne. Ya zaci kunya ce za ta rufe shi, ga shi kuwa abin da ya ji dabam ne. Ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya zauna a bencinsa, ya ce, “Na gode wa Allah da kai ne.”

Malam Filibus ya jawo wani guntun kututture ya zauna kusa da shi. Bai tambaye shi me hannu ya yi ba, gama amsar tana ƙasa a gabansu. Ya ce, “Habila, yaya gida?”

Habila ya ce, “Ba lafiya ba.”

Sai ya faɗa musu duka. Ya faɗi ranar da ya ji ƙarar, da abin da ya cusa a tsagar. Ya ce gidan ya yi masa girma tun da aka kwantar da ita, ba ya iya cin tuwo shi kaɗai, yana tsoro kada ta dawo ta kāsa tafiya, yana kuma tsoro kada shi ya kāsa kula da ita. Ya ce katakon ya ƙare, jibi kuwa za a sallame ta.

Barnaba yana kaɗe dusa daga kunnensa, ya ce, “Da ka faɗa tun makon jiya, da ban sha ƙasa ba. Malam, ina taɓaryar nan da ake rigima a kanta?”

Malam Filibus ya ɗaga kai. “Ta itacen kirya ce,” ya ce a hankali. “Jijiyarta a miƙe take tun daga kai har gindi.”

“Kande za ta yarda?” in ji Habila.

“Ni ta hana. Ba ta hana Rifkatu ba.”

Barnaba ya tafi ya ɗauko ta. Kande ta ba da ita, ta haɗa da kwanon dambu, ta ce a faɗa wa Baban Nuhu ya ci. Su uku suka yi aikin kafin rana ta faɗi. Malam Filibus ya yi awo, bai kuwa maimaita fiye da sau biyu ba, abin da ba a taɓa gani ba. Barnaba ya ja zarto, yana zagin taurin kirya. Habila ya fiƙe bakin, ya huda, ya kafa turke. Suka yanke kawunan taɓaryar biyu, suka bar tsakiyarta yadda take, inda hannuwan mata suka riga suka goge ta ta yi santsi. Da suka gama, Barnaba ya zauna, ya ɗaga ƙafar hagu, ya danna, ya tashi. Ya sake, ya kuma sake, har ya gaji ya nemi kunu.

Kujerar ba ta koma da kyanta na dā ba. Hannu ɗaya ja ne mai faɗi, ɗayan baƙi ne, zagayayye. Duk wanda ya gani ya san an yi gyara.

Ran Litinin aka kawo Rifkatu gida. Aka zaunar da ita. Ta huta, ta sha ruwa, ta dubi ɗakinta. Can sai ta ce tana so ta tashi. Habila ya matso zai riƙe ta, ta ce ya bari. Ta ɗora hannun dama, yatsunta suka zagaye itacen nan baƙi, sai ta tsaya, ta dube shi.

“Baban Nuhu, wannan ai taɓaryar Kande ce.”

“Ita ce.”

“Na san ta. Da ita muka daka hatsin bikin Nuhu.”

Ta riƙe ta yadda ta saba riƙe ta, ta danna, ta miƙe tsaye.

Ga ma'anar misalin nan, ya ku 'yan'uwa. Kujerar ita ce zaman kowannenmu, wanda waɗansu ke jingina a kai, ko mun sani ko ba mu sani ba: mata, da miji, da 'ya'ya, da maƙwabta. Tsagar ita ce rauninmu, ko zunubi ne, ko tsoro, ko baƙin ciki, ko gajiya. Ku lura, ba a mummunan wuri ta fito ba. Ta fito ne a inda Habila ya fi alfahari da shi. Haka yakan zama da mu.

Dusa da gam kuwa su ne kalmomin nan biyu da muka iya tun muna yara, “Lafiya lau.” Ba mugayen kalmomi ba ne. A hanya da kasuwa sun isa. Amma akwai mutanen da Allah ya ba mu domin su yi mana tambayar da gaske, in kuwa muka ba su amsar kasuwa, mun rufe tsagar ne kawai, ba mu gyara ta ba. Ranar da wani zai ɗora nauyinsa a kanmu tana zuwa.

Gindin mangwaron nan shi ne taron masu bi. Ba domin nuna gwaninta muke taruwa kowane mako ba, sai domin a juya mu a duba ƙasanmu tun da sauran lokaci. Habila ya ji tsoron abokansa fiye da yadda ya ji tsoron faɗuwar matarsa, wannan shi ne kuskurensa, ba tsagar ba. Abin gyaran kuwa yana nan tun farko, a tokare da ƙofa a gidan ɗan'uwansa, an ma faɗa a kunnensa. Bai samu ba sai da ya ce, “Ba lafiya ba.”

Kada kuma mu manta cewa Habila bai yi magana da kansa ba. Ya buɗe baki ya rufe. Duk da haka Ubangiji ya yi masa jinƙai, ya sa kujerar ta karye ran Asabar, a kan dusa, a ƙarƙashin aboki, ba ran Litinin a kan siminti ba. In asirin wani a cikinku ya taɓa tonuwa a gaban masu ƙaunarsa, kada ya ce Allah ya kunyata shi. Mai yiwuwa ya cece shi ne daga abin da ya fi kunya zafi. Sai dai ba kowa ne ake ba irin wannan Asabar ba, kujerun da ba kowa a kansu a cikinmu kuwa suna ƙaruwa. Saboda haka kada ku jira sai ta karye.

Yau in an tashi daga sujada, wani zai tare ku a bakin ƙofa ya ce, “Yaya gida?” In lafiya ne, ku gode wa Allah ku ce lafiya. In ba lafiya ba, ku faɗa masa. Ku kuma da kuka yi tambayar, kada ku wuce. Ku tsaya ku ji amsar.